Ɗana Ya Samu Gurbi a Jami'ar Katolika ta Notre Dame: In Bar Shi Ya Tafi?

Wani Alhaji daga Kano ne ya aiko da tambayar. Ɗansa mai shekara 18 ya samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Notre Dame da ke Amurka, har da tallafin kuɗi mai tsoka. Murna ba ta gama sauka ba sai Alhaji ya gano cewa makarantar ta 'yan Katolika ce, shugabanta ma fada ne, wato limamin coci. Yana tsoron kada a taɓa wa yaron addini. Yaron kuwa ba shi da zance sai na ƙwallo, wai makarantar ta yi suna a wasanni kuma shi ma zai buga. Alhaji na son sanin yadda zaman wurin yake, da karatun, da gaskiyar maganar ƙwallon.

Alhaji, Allah ya sanya alheri. Kafin komai ka san cewa gurbin nan ba a sama aka tsince shi ba, domin a shekarun nan cikin masu nema goma da ƙyar ake ɗaukar ɗaya. Na daɗe ina shirya yaranmu masu tafiya karatu Amurka, kuma na taka harabar makarantar nan da ƙafata. Amsata ita ce ka bar shi ya tafi. Sai dai tsoron naka yana kallon gabas, alhali hadarin ta yamma yake haɗowa. Ba fada ne zai gwada yaron ba. Daren Asabar ne zai gwada shi, da sanyin watan Janairu, da tulin karatun da ba wanda zai bi shi da bulala a kai.

Ba zan rage maka komai game da Katolikancin wurin ba. Wani fada Bafaranshe, Edward Sorin, na ƙungiyar limaman Holy Cross, shi ya kafa ta a 1842 a arewacin jihar Indiyana, gefen garin South Bend. Sunan ma na Faransanci ne, ma'anarsa "Uwargijiyarmu", wato Nana Maryam. Abin da ido ke fara gani tun daga nesa shi ne ƙubba mai ruwan zinariya a kan babban ginin mulki, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 1879, a samanta kuma an kafa mutum-mutumin Maryamu mai tsawon kusan mita 6. Kusa da ita akwai babbar majami'a, a bayanta kuma wani kogon duwatsu da aka gina a 1896, kwaikwayon na Lourdes a Faransa, inda ɗalibai ke kunna kyandir suna addu'a. Lokacin jarrabawa wurin yakan cika da wuta har zafinsa ya buge ka daga 'yan taku. Akwai gicciye a bangon azuzuwa. Kowane gidan kwanan ɗalibai yana da ƙaramin cocinsa. Kimanin 80 cikin 100 na masu digirin farko Katolika ne, kuma doka ce shugaban jami'ar ya kasance fada daga ƙungiyar da ta kafa ta. Na yanzu, Fada Robert Dowd, ya karɓi aiki a 2024. Wanda duk ya ce maka suna ne kawai ya rage, bai je ba.

To amma ba a tilasta wa kowa shiga coci, ba a ɗaukar sunan wanda ya je da wanda bai je ba, kuma ba al'adar wurin ba ce a tare ɗalibi ana yi masa wa'azi. Wannan yana da tushe. A 1965 babban taron cocin Katolika a Fadar Fafaroma ya fitar da takardar da ta ce cocin yana kallon Musulmi da mutuntawa, a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, masu girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, masu salla da azumi da sadaka. A daidai wannan zamanin ne Fada Theodore Hesburgh, wanda ya shugabanci jami'ar shekara 35, daga 1952 zuwa 1987, ya sauya mata fasali: a 1967 ya miƙa ragamar mulkinta ga hukumar da ta haɗa da waɗanda ba limamai ba, a 1972 kuma aka fara ɗaukar mata a digirin farko. Mu ma a Arewa abin ba baƙo ba ne. Kwalejin Rimi ta Kaduna da can St. John's ce, Sarauniya Amina kuma Queen of Apostles, kuma har gobe akwai hajiyoyin Kano da suka yi St. Louis suka fito da sallarsu cif.

Musulmi 'yan kaɗan ne a can, amma suna da ƙungiyarsu ta ɗalibai, akwai ɗakin da suke salla a ginin Coleman-Morse inda ofishin harkokin addini yake, kuma masallacin Islamic Society of Michiana ba shi da nisa da makarantar. Can ake Juma'a da Idi, can kuma zai haɗu da likitoci da injiniyoyi 'yan Pakistan da Larabawa da 'yan Afirka mazauna garin. A 2017 wasu likitoci Musulmi mata da miji, Rafat da Zoreen Ansari, suka ba jami'ar dala miliyan 15 aka kafa cibiyar nazarin addinan duniya da sunansu. Cikin malamai akwai Farfesa Ebrahim Moosa ɗan Afirka ta Kudu, masanin tunanin Musulunci da ya yi rubutu kan Imam Gazali. Akwai kuma ɗan ƙasarmu, Fada Paulinus Odozor, a sashen tauhidin Kirista.

Wannan sashen ne inda nake so ka buɗe kunne, don a nan ne tambayarka take da ƙashi. Duk ɗalibin digirin farko, ko injiniya yake karantawa ko lissafin kuɗi, dole ya ɗauki darasi biyu na tauhidi, ya kuma yi falsafa. Darasin farko galibi a kan Littafi Mai Tsarki ne da tarihin koyarwar coci ta farko: Tsohon Alkawari, Linjilolin nan huɗu, yadda aka kai ga aƙidar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, a tarukan ƙarni na huɗu. Ba a neman ya yi imani da abin da ya karanta. Ana neman ya fahimta, ya rubuta maƙala, ya kare hujjarsa. Maki a kan ingancin hujja ake ba shi. Na biyun yana da zaɓi, kuma cikin zaɓin akan samu darussan da suka shafi Musulunci da alaƙarsa da Kiristanci.

Abin da ke girgiza yaranmu a irin wannan aji ba aƙidar Kirista ba ce. Salon tambayar ne. Zai ga malami, wataƙila ma fada da farar kwala a wuya, yana ɗaukar littafin addininsa yana tambayar wa ya rubuta wannan sura, a wane zamani, me ya sa wannan ruwayar ta saɓa da waccan. Yaron da ya taso a Islamiyya bai saba ganin ana yi wa nassi haka ba. Ran da aka juyo da irin tambayoyin nan kan Alƙur'ani ko hadisi, kuma za a juyo, domin akwai masanan wannan fanni a jami'ar, sai ya ji ƙasa ta motsa. Wanda addininsa gado ne kawai, "haka na tarar ana yi a gidanmu", shi ke shan wahala. Wanda ya yi karatu ya san cewa malamanmu sun yi ƙarnoni suna tankaɗe isnadi, suna muhawara kan sababin saukar ayoyi da bambancin ƙira'o'i, ba ya razana, har ma yakan zama wanda ajin ke juyowa su tambaya. Saboda haka watannin da suka rage kafin tafiyarsa, ka zaunar da shi gaban malami mai zurfi kuma mai haƙuri, ba mai tsawa ba. Ya bi Ahalari da Ishmawi ya gyara ibadarsa, sannan ya samu gabatarwa kan ilmin Alƙur'ani da musɗalahin hadisi. Ya karɓi lambar malamin, ya san yana da wanda zai kai wa tambaya mai nauyi ba a ce masa ya kafirta ba.

Yanzu zaman yau da kullum. A nan ne, a ganina, makarantar ta fi yawancin jami'o'in gwamnati na Amurka dacewa da hankalin uba irinka. Gidajen kwana sun haura 30, kuma babu na haɗaka: na maza daban, na mata daban. Dole ɗalibi ya zauna a cikin makaranta shekara uku na farko. Kowane gida yana da babban mai kula da ke kwana a ciki, wani fada ne, wata sista ce, wani kuma ma'aikaci ne kawai. Akwai dokar ziyara: mace ba ta wuce ƙarfe 12 na dare a ɗakin namiji, haka namiji a na mace, sai daren Juma'a da na Asabar da ake kai wa ƙarfe 2. Littafin ƙa'idojin ɗalibai ya faɗa ƙarara cewa saduwa ba aure saɓa wa tsarin makarantar ne. Babu kuma ƙungiyoyin nan na samari masu gidajen kansu da suka yi ƙaurin suna da shaye-shaye a wasu jami'o'in. Gidan kwanan shi ne dangin ɗalibi: yana da tutarsa da laƙabinsa da ƙungiyoyin wasanninsa da bikinsa na shekara, kuma tsofaffin ɗalibai in sun haɗu, kafin su tambayi me ka karanta sai sun tambayi a wane gida ka zauna.

Ba shi zai zaɓi abokin ɗakinsa na shekarar farko ba, makaranta ce ke haɗawa. Mai yiwuwa ya faɗa ɗaki ɗaya da yaron da bai taɓa magana da Musulmi ba. Shawarar da nake ba kowane yaro ita ce ya yi bayani tun ranar farko, kafin a saba: ina salla sau biyar, ɗaya da asuba, zan shimfiɗa darduma a nan, ba na shan giya, ba na cin naman alade. In aka faɗa da fara'a a makon farko, magana ta ƙare, sau da yawa ma abokin ɗakin ne zai riƙa cewa baƙi su rage murya. In aka ɓoye don kunya, sai a wayi gari ana haɗa Azahar da La'asar da Magariba a lungu, daga nan kuma sai a daina. Ya sayi 'yar butarsa ya tafi da ita, don ba zai samu a banɗakinsu ba.

Dokokin nan kada su sa ka saki jiki. Giya tana nan, kuma da yawa. Doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sha, makaranta ta hana barasa mai ƙarfi a gidajen kwana, amma a addinin masu wurin shan giya ba haramun ba ne, buguwa ce abin zargi, kuma samari ba su cika sanin iyakar ba. Yawancin hulɗar ƙarshen mako a kanta take zagayawa. Ba wanda zai ɗura masa. Abin da ke karya yaro shi ne kaɗaici: kowa ya fita, shi kaɗai a ɗaki, waje duhu da ƙanƙara, gida kuma dare ya raba ba wanda zai kira. Maganin ba "zauna a ɗaki ka yi karatu" ba ne. Ya nemi jama'arsa da wuri, ƙungiyar Musulmi, ƙungiyar ɗaliban Afirka, 'yan ƙwallon gidansu, da Kiristocin da su ma ba sa sha, waɗanda suna da yawa fiye da yadda ake zato.

Abinci a manyan ɗakunan cin abinci biyu ake ci, na arewa da na kudu, kuma akwai kifi da ƙwai da shinkafa da taliya da ganyaye kullum. Ya rubuta wa ofishin abinci tun yana gida ya tambayi tsarinsu na naman halal da na sahur. Wani abin da zai ba shi dariya: a lokacin azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista, ranar Juma'a ba a sa nama a ɗakunan cin abincin, kowa kifi. A shekarun nan azumin nasu yana haɗuwa da Ramadan, don haka ba zai sha wahalar bayyana wa kowa dalilin da ya sa ba ya ci ba. Ramadan ɗin ma yanzu yana faɗowa a ƙarshen hunturu, yini gajere. Da a watan Yuni ne, rana ba ta faɗuwa a South Bend sai bayan ƙarfe 9 na dare.

Karatun kansa ba wasa ba ne. Masu digirin farko wajen 9,000 ne, kuma makarantar ta fi ba su muhimmanci fiye da yadda manyan jami'o'in bincike da yawa ke yi. Akwai tsangayar adabi da zamantakewa, da kimiyya, da injiniya, da ta kasuwanci mai suna Mendoza, da ta zanen gine-gine da ɗalibanta ke yin shekara guda a Roma, da ta harkokin duniya mai suna Keough da aka buɗe a 2017. Addini bai hana su kimiyya ba: wani fadansu masanin sinadarai, Julius Nieuwland, bincikensa ne ya buɗe hanyar da kamfanin DuPont ya bi ya ƙera robar neoprene a farkon shekarun 1930. Abin da yaronka zai fi jin bambancinsa da tsarinmu shi ne babu zancen a kwanta sai jarrabawa ta matso a yi haddar dare uku. Darasi wajen biyar zai ɗauka a zango, kowanne da aikin gida na mako-mako, da gwaji, da aikin ɗakin gwaje-gwaje, da jarrabawar tsakiyar zango, duk ana tarawa. Wanda ya yi sakaci a makonni huɗun farko zai ƙare zangon yana bin bashi. Ga lissafi da fiziks da kemistiri, ga kuma maƙalar falsafa mai shafi biyar da ake jira ranar Litinin.

Abubuwa biyu ke kayar da yaranmu masu ƙwaƙwalwa. Na farko kunyar malami. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis ƙofa buɗe don ɗalibai su zo da abin da ya shige musu duhu. Yaranmu sun taso da cewa zuwa ofishin malami rashin kunya ne ko neman suna, sai su ƙi zuwa, alhali daga nan ake samun shiga aikin bincike da takardar shaida ta neman aiki. Na biyu kwafe. Abin da a nan ake kira taimakon aboki, a can karya alkawarin amana ne da kowane ɗalibi ke sa wa hannu, kuma ɗauko sakin layi daga intanet ba tare da faɗin mai shi ba yana iya jawo faɗuwa a darasin gaba ɗaya. Ka kuma sani, ko da zai sauya ra'ayi, a Amurka ba a shiga likitanci ko lauya kai tsaye daga sakandare. Sai an gama digirin farko na shekara huɗu, kuma Notre Dame ba ta da makarantar likitanci tata.

Sai ƙwallo. Alhaji, a nan sai ka zaunar da yaron, domin ina jin akwai rashin fahimta. Ƙwallon da Notre Dame ta yi suna a kai ba irin ta Kano Pillars ba ce. Ƙwallon Amurka ce, 'yar'uwar zari-ruga, wadda ake runguma a hannu ana gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna karo. Kuma matsayinta a makarantar ya wuce wasa. A farkon ƙarni na 20 Katolika, musamman 'yan asalin Ayiland da Italiya da Folan, talakawa ne 'yan ci-rani da ake yi wa kallon raini. Manyan jami'o'in yankin sun ƙi shigar da Notre Dame ƙungiyarsu, sai ta riƙa hawa jirgin ƙasa tana zuwa New York da Kalifoniya neman abokan karawa. Ƙarƙashin koci Knute Rockne, daga 1918 zuwa 1930, ta ci wasa 105, ta faɗi 12, ta yi canjaras 5. Leburan da bai taɓa shiga aji ba a Boston ko Shikago sai ya ɗauke ta tasa, don ita ce ke rama masa. A watan Mayun 1924 ɗalibanta har arangama suka yi da 'yan Ku Klux Klan, masu ƙin baƙaƙe da Katolika da Yahudawa, a titunan South Bend. Daga irin wannan tarihi laƙabinsu na Fighting Irish, wato 'yan Ayiland mayaƙa, ya samu nauyinsa. Rockne ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1931, shekara guda bayan buɗe filin wasan da ake amfani da shi har yau.

Suna ƙirga kambun ƙasa 11, na ƙarshe a 1988. A Janairun 2025, ƙarƙashin koci Marcus Freeman, sun kai wasan ƙarshe jami'ar Ohio State ta doke su 34 da 23. Har yau a wannan wasa ba su cikin kowace ƙungiyar jami'o'i, kuma tun 1991 gidan talabijin na NBC ke da kwangilar nuna wasanninsu na gida.

Na taɓa kasancewa a can ranar Asabar ɗin wasa. Garin da mutanensa ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba, filin kuma yana cin mutum sama da 77,000. Tun da hantsi filayen ajiye motoci suka zama kasuwa: kowa ya buɗe bayan motarsa, ya kafa rumfa, ya hura gawayi, hayaƙin gashi ya turnuƙe kamar layin masu tsire da yamma. Kaka da jika sanye da riga iri ɗaya, shuɗi da ruwan zinariya ko kore. Masu badujala suka taso daga wajen ƙubbar suka nufi fili, jama'a na biye. A ciki ɗalibai ba sa zama, a tsaye suke wajen awa uku da rabi, kuma duk lokacin da aka ci, sai ka ga an ɗaga wasu sama ana cilla su ana cafewa sau adadin makin da ke kan allo. Daga wani ɓangaren filin ana hango katafaren zanen Annabi Isa, yadda su suke suranta shi, a bangon ɗakin karatu na Hesburgh, hannuwa a ɗage. Da yake haka alƙalin wasa ke ɗaga hannu in an ci, sai suka laƙaba masa Touchdown Jesus, su da kansu, limamansu na dariya. Da aka tashi, 'yan wasa suka zo gaban ɗalibai, aka rungumi kafaɗar juna ana rera taken makaranta, wanda yabon Maryamu ne. Yaronka zai iya tsayawa cikinsu ya yi shiru a wannan gaɓar, ba wanda zai kalle shi. Wani dattijo da ke kusa da ni, da ya ji daga inda na fito, ya shafe rabin wasan yana koya mini dokoki, ni kuwa har aka tashi ban gane dalilin da ya sa ake tsayawa kowane daƙiƙa goma ba.

'Yan asalin ƙasarmu sun taka rawa a can. Romeo da Julian Okwara, wa da ƙane da suka yi ƙuruciya a Legas, sun buga wa makarantar kafin su shiga gasar ƙwararru. Arike Ogunbowale, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ita ta jefa ƙwallon ƙarshe ana dab da busa usur a wasan kusa da na ƙarshe da kuma na ƙarshe a 2018, ta ciyo wa matan makarantar kambun ƙwallon kwando.

Ƙwallon ƙafa irin tamu ma suna da ita, mazansu sun ci kambun ƙasa a 2013, matansu sau uku. Amma ƙungiyar makaranta ba a shiga don an iya tamaula a unguwa. Masu horarwa suna bin yaran tun suna sakandare, daga makarantun horon ƙwallo, su zaɓe su shekara ɗaya ko biyu kafin su iso. In da ɗanka yana cikinsu, da tuni koci ya kira ka. Ba na so ya tafi da wannan mafarkin ya je ya karye. Kuma ko da ya shiga, rayuwar ɗan wasa aiki ne na biyu: atisaye da asuba, tafiye-tafiye tsakiyar mako, ga karatun injiniya na jira, domin a can 'yan wasa a gidajen kwana ɗaya suke da kowa, aji ɗaya, ba a rage musu komai. Kuɗin da aka fara barin 'yan wasan jami'a su samu da sunansu tun 2021 ma, bizar ɗalibi ta ɗaure hannun baƙo a kansa.

Abin da ke buɗe gare shi ya fi wannan daɗi. Gidajen kwana suna da gasarsu ta ƙwallon ƙafa da sauran wasanni, kuma yaron da ya taso yana buga ta a turɓaya zai zama ɗan gaban goshin gidansu cikin mako biyu. Babu hanyar yin abokai da ta fi wannan sauri. Akwai gasar ƙwallon kwando ta fili da ɗaruruwan ƙungiyoyi ke shiga duk bazara tun 1972. Akwai kuma damben boksin na ɗalibai maza, Bengal Bouts, wanda tun 1931 kuɗinsa ke tafiya ayyukan mishan a ƙasar da yanzu ake kira Bangladash, na mata kuma, Baraka Bouts, yana tallafa wa makarantu a Yuganda. In zai shiga wannan, ya san inda kuɗin ke zuwa, ya yanke wa kansa hukunci.

Maganar kuɗi a taƙaice. Jimillar shekara guda, karatu da ɗaki da abinci da sauransu, ta haura dala 80,000. A 2024 jami'ar ta sanar cewa ba za ta ƙara duba ƙarfin aljihun mai nema wajen ba da gurbi ba, har da baƙi 'yan ƙasashen waje, kuma ta cire bashi daga tallafin da take bayarwa. Duk da haka ka karanta takardar tallafin layi-layi: nawa aka bar wa iyaye, ko inshorar lafiya na ciki, ko kuɗin jirgi na ciki, da sharaɗin sabuntawa kowace shekara. Aikin da biza ta yarda ya yi a cikin makaranta bai wuce awa 20 a mako ba, kuɗin sabulu ne, ba na aikowa gida ba. Bizar kanta ta ƙara wuya ga 'yan Najeriya tun 2025, dokokinta kuma suna sauyawa, saboda haka kafin ka sayar da fili ko ka yi walima, ka sa yaron ya tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ya ji halin da ake ciki, ya kuma tambaya ko za su ajiye masa gurbin zuwa baɗi in an samu tsaiko.

A wasiƙar ya haɗa da tambayar inda zai zauna a hutun ƙarshen shekara, lokacin da makaranta ke watsewa makonni kowa ya tafi gida. A watan Agusta zai isa, ya tarar da zafi da korayen bishiyoyi ya ce ashe abin da sauƙi. Daga Nuwamba iskar da ke ketowa ta tafkin Michigan take fara jibgo dusar ƙanƙara, a yi kwanaki ba a ga rana ba, a watan Janairu kuma gari ba ya wayewa sai bayan ƙarfe 8. Kada Hajiya ta wahalar da kanta neman rigar sanyi a Kantin Kwari, wadda ake sawa da hunturun Kano ba za ta yi masa mako guda ba. A ware masa kuɗin babbar riga da takalmin ƙanƙara da safar hannu ya saya a can cikin Oktoba. Gurbin da ya rage a akwatin a cika shi da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, a rubuta su a takardar kwastan in ya sauka. Kilishi dai a bar shi a gida, ba a shiga da nama.